Lambar Wayarsa Ce Ta Tona Shi: Yadda Aka Tatsi Wani Tela a Kaduna da Bidiyon Tsiraici

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare ya ƙwanƙwasa mini ƙofa. A Tudun Wada ba a tayar da magidanci a irin wannan lokaci sai da dalili mai ƙarfi, don haka tun kafin in zare sakata gabana ya faɗi. Ɗan ƙanwar mahaifiyata ne, shekararsa 28, yana da shagon ɗinki a gefen Kasuwar Barci, kuma saura wata biyu a ɗaura masa aure. Ko sallamar kirki bai iya yi ba. Ya miƙo mini wayarsa da hannu biyu ya ce, "Yaya, na shiga uku. Duba ka gani, amma don girman Allah kada Umma ta ji."

Sana'ata gyaran waya da kwamfuta, na haura shekara goma ina yi, kuma ba ranar aka fara miƙo mini waya hannu na rawa ba. Sai dai wannan ne lamarin da na bi tun daga tushe har ƙarshensa, na ga kowace kafa da ɓarna ta shigo. Da izininsa nake rubutawa. Na cire sunansa, na sauya wasu abubuwan da za a iya gane shi da su, zan riƙa ce masa Tela.

Kwana huɗu na hira

Duk telan da ke Kaduna ya san yadda azumi yake: ɗinkin Sallah ya taru, a kwana a kan keke har sahur. Da Sallah ta wuce aiki ya ja baya, amma idon Tela ya riga ya saba da rashin barci. Ga datar dare mai araha, ga kaɗaici. A nan ya ci karo da tallar wani shafin haɗa soyayya, irin waɗanda rabinsu hira ne, rabinsu kuma mata ne ke buɗe kyamara kai tsaye ana kallo. Rajista kyauta ce. Ya sa adireshin imel ɗinsa na kullum, wanda cikakken sunansa ke jiki. Ya sa kalmar sirrin da yake amfani da ita a Facebook, don ita kaɗai yake iya riƙewa. Da aka nemi hoto, ya ɗauko wanda ya fi so, yana sanye da kaftanin da ya ɗinka da hannunsa, a ƙofar shagonsa, rabin allon shagon ya fito a bayansa.

Ko awa ɗaya bai yi ba wata ta yi masa magana. Ta ce 'yar Kaduna ce amma karatu ya kai ta Abuja. Turanci take rubutawa, tana ɗan yayyafa "wallahi" da "ina wuni" da "ka ci abinci?" Washegari ta ce shafin yana cinye mata data, su koma WhatsApp. Ya ba ta lambarsa, wadda ke rubuce a allon shago, wadda Umma ke kiransa da ita. A rana ta uku ta ce datarta ta ƙare, ya tura mata naira 2,000 daga asusunsa na banki.

Daren kwana na huɗu ta kira shi ta bidiyo. Mace ce ta fito a allo tana cire kaya. Babu murya, ta rubuto cewa abin maganar wayarta ya lalace. Da rubutu take ba shi umarni: kai ma ka yi, ka kunna fitila, ka matsar da wayar baya in ga fuskarka. Ya yi. Abin bai kai minti ɗaya ba aka katse kiran.

Bayan kamar minti biyar sai saƙonni suka fara sauka. Na farko bidiyonsa ne, fuskarsa tar. Na biyu hoton jerin abokansa na Facebook. Na uku shafin yayan yarinyar da zai aura, na huɗu shafin Kawunmu. Sannan cikakken sunansa da sunan shagonsa, da umarnin ya tura naira 200,000 cikin awa ɗaya ko kowa ya gani.

A daren ya tura 50,000, kuɗin kafin alƙalami da masu ɗinki suka ba shi. Aka ce saura. Bayan kwana biyu ya ƙara 30,000. Aka turo masa hoton da ke nuna wai an goge, sannan da yamma wani ya bullo da sabuwar lamba ya ce shi ne "oga", yaronsa ne ya goge nasa, amma shi yana da kwafi. Tela ya roƙi uwar adashi ta ba shi kwasarsa kafin lokaci, ya tura 70,000. Cikin kwana biyar naira 150,000 ta fita. Daren da ya zo wurina 300,000 ake nema.

Matar da ba ta nan

Abu na farko da na fahimtar da shi, kuma ya fi yi masa ciwo, shi ne da wuya in akwai mace a wancan ɓangaren. Akwai manhajoji na kwamfuta da ke ɗaukar bidiyon da aka riga aka naɗa su cusa shi cikin kira, waya ta ɗauka kyamara ce ke aiki. Bidiyon matar galibi sato shi ake yi daga irin waɗannan shafuka na kyamara. Shi ya sa babu murya, shi ya sa umarni ke zuwa a rubuce, shi ya sa kiran ba ya daɗewa. A lokaci guda kuma wata manhajar tana naɗar duk abin da ke kan allo. Da can akan ce ka gwada mutum, ka ce ya ɗaga yatsu uku ko ya juya kai. Gwajin yana kama malalatan cikinsu, amma yanzu da ake iya ɗora fuskar wani a kan ta wani ana cikin kira, ba abin dogaro ba ne. Ko da macen gaske ce ma, babu abin da zai hana ta naɗa. Haka saƙon nan na kallo sau ɗaya da WhatsApp ya kawo a 2021: ya hana ɗaukar hoton allo, amma bai hana a ɗauko wata wayar a haska ta kan allon ba.

Tela yana ganin shi kaɗai aka sa wa ido a duniya, kamar wani maƙiyi ne ya turo masa. Na ce masa kasuwa ce, shi kuma kwastoma ɗaya ne cikin ɗaruruwa. A watan Yulin 2024 kamfanin Meta ya sanar da rufe asusun Instagram kusan 63,000 a Najeriya da ke wannan sana'a, kuma a cikinsu akwai wani gungu na asusu kusan 2,500 da mutum wajen 20 kacal ke juyawa. Wanda ke riƙe da asusu sama da ɗari ba ya da lokacin ƙiyayya da kowa. Lissafi yake yi: wa ke biya, wa ba ya biya. Da Tela ya tura 50,000 cikin minti talatin, abin da ya saya shi ne matsayi na farko a jerin masu biya.

Inda asirin ya ɓule

Nan ne na fi daɗewa, domin nan ne darasin yake. Bidiyon tsiraicin mutumin da ba a san ko wane ne ba bai da kasuwa. Intanet cike take da irinsa. Abin da ya mayar da na Tela makami shi ne an haɗa shi da suna, da unguwa, da surukai. Kuma duk wannan ta lamba ɗaya aka same shi.

Na gwada a gabansa. Na sa lambarsa a Truecaller, manhajar da ke nuna sunan mai lamba, sunansa ya fito haɗe da kalmar "tela" da sunan kasuwa, yadda kwastomomi suka adana shi a wayoyinsu. Na buɗe manhajar tura kuɗi, na cire sifilin farko na lambar na sa ta a matsayin lambar asusu, domin wasu manhajojin kuɗi na zamani lambar wayarka ce lambar asusunka. Sunansa uku suka fito yadda suke a BVN, ban tura ko kwabo ba. Ba su ma buƙaci wannan wahalar ba, tunda naira 2,000 ta data da ya tura ta isa can da cikakken sunansa a jikin alat. Ni a ganina ba don kuɗin aka roƙi datar ba, don sunan ne. Da sunan aka nemo shi a Facebook, hoton kaftanin nan ya tabbatar shi ne, jerin abokansa kuma a buɗe yake ga kowa. A shafinsa akwai hotunan ranar sa rana, 'yan'uwa sun yi ta sa albarka, kowa da sunansa da dangantakarsa: "Allah ya sanya alheri surukina", "ɗana Allah ya nuna mana". Ko Hausa ba ka ji sosai, manhajar fassara za ta nuna maka wanda za a fi jin kunyarsa.

Mu a nan lambar waya ba mu ɗauke ta sirri ba. A allon shago take, a jikin keke napep, a katin biki. Tun da aka fara haɗa layi da NIN a ƙarshen 2020, layin mutum ya zama kamar katin shaidarsa. Wannan yana da amfani idan jami'an tsaro ke neman mai laifi. Amma ma'anarsa kuma ita ce, wanda ya ba baƙo lambarsa ta kullum ya ba shi sunansa, sana'arsa da hanyar gidansu.

Shi kansa shafin ba rumbun da za a amince wa ba ne. A 2015 aka fasa Ashley Madison, shafin masu aure da ke neman na waje, aka watsa bayanan mutum sama da miliyan 30. A 2016 aka kwashe bayanan asusu sama da miliyan 400 na kamfanin da ke da AdultFriendFinder. A 2020 masu bincike suka tarar da rumbun bayanan CAM4, shafin kyamara, a buɗe babu ko kalmar sirri. Waɗannan manyan kamfanoni ne masu ma'aikata da lauyoyi, balle ƙaramin shafin da ka gani a talla tsakar dare. Daga irin wannan yoyo ne ake samun imel ɗin nan da ke zuwa wa mutane yana cewa an kama kyamararsu an naɗe su, har a rubuto tsohuwar kalmar sirrinsu don su tsorata. Wannan galibi burga ce, babu bidiyon komai. Kalmar sirrin daga wani tsohon kutse aka tsinto ta. Shafin Have I Been Pwned yana nuna wa mutum kyauta ko imel ɗinsa yana cikin waɗanda aka taɓa kwashewa.

Abin da muka yi a daren

Kafin in taɓa wayar sai da na taɓa shi. Cikin maganarsa ya ce, "Yaya, gara in mutu da Baban yarinyar nan ya ga wannan." Ban ɗauki maganar da wasa ba, kuma ina roƙon duk wanda aka faɗa wa irinta kada ya ɗauka. A watan Maris na 2022 wani yaro ɗan shekara 17 a jihar Mishigan ta Amurka, Jordan DeMay, ya kashe kansa sa'o'i kaɗan bayan an yi masa irin wannan barazana. 'Yan'uwa biyu daga Legas, Samuel da Samson Ogoshi, aka miƙa wa Amurka a 2023 a kan wannan laifi, kuma a Satumban 2024 kotu ta ɗaure kowannensu shekara 17 da rabi. Wa'adin awa ɗaya da suke bayarwa da gangan ne, don kada mutum ya samu sararin tunani ko shawara. Na ce wa Tela a ɗakina zai kwana, wayar kuma a hannuna. Na karanta masa aya ta 53 ta Suratuz Zumar, wadda ta hana waɗanda suka yi wa kansu ɓarna yanke ƙauna daga rahamar Allah. Na kuma ƙudura a raina cewa in tunanin bai sake shi ba zuwa safiya, asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa za mu nufa. Ba na masu tafiya tsirara a titi kaɗai ba ne, akwai likitocin damuwa.

Shi so yake a goge komai, a karya layin. Na hana. Shaida ce. Muka ɗauki hoton kowane saƙo da lokacinsa, lambobin biyu, lambobin asusun da ya tura wa kuɗi da sunayen da ke kansu, rasit na kowace turawa, da adireshin shafin "budurwar". Muka fitar da hirar WhatsApp gaba ɗaya muka adana a wani wuri. Sai bayan nan muka kai ƙarar lambobin a cikin manhajar muka toshe su. Ba mu rubuta musu komai ba: ba roƙo, ba zagi, ba "na kai ku wurin 'yan sanda". Duk amsa, ko ta zagi ce, tana gaya musu akwai mai rai a ƙarshen igiyar.

Sannan muka bi ƙofofi muna rufewa. Muka ɓoye jerin abokansa na Facebook, muka taƙaita tsofaffin hotuna, muka dakatar da shafin na ɗan lokaci ba tare da gogewa ba, don kada wani ya buɗe sabo da sunansa alhali nasa ya ɓace. A WhatsApp muka mayar da hotonsa da bayanansa sai wanda ke cikin lambobinsa, muka hana baƙo jefa shi cikin zaure, muka sa lambobin sirri shida na tabbaci mataki biyu, muka duba ko an haɗa asusun da wata na'ura. Muka sauya kalmar sirrin imel da ta Facebook, kowanne da tasa.

Akwai kuma StopNCII.org, wanda wata ƙungiyar agaji ta Birtaniya ta buɗe a ƙarshen 2021 tare da haɗin gwiwar Meta. Mutane suna tsoronsa don suna zaton tura musu hoton za ka yi. Ba haka ba ne. A cikin wayarka ake sarrafa hoton ko bidiyon a fitar da wata lamba ta musamman, kamar zanen yatsa, ita kaɗai ke tafiya. Kamfanonin da suka shiga tsarin, irin su Facebook, Instagram, TikTok da Reddit, sai su riƙa tare duk abin da ya yi daidai da wannan lamba. Na gaya wa Tela iyakarsa: ba ya shiga saƙon WhatsApp da ke rufe tsakanin mutum biyu, kuma na 'yan shekara 18 zuwa sama ne. Wanda aka ɗauki hotonsa yana ƙasa da haka, nasa shi ne Take It Down, na NCMEC, cibiyar kare yara ta Amurka, kuma hoton tsiraicin yaro laifi ne mai zaman kansa a sashe na 23 na dokar laifukan intanet ta Najeriya, ko riƙe shi ma.

Da gari ya waye muka je banki ya shigar da koke a rubuce, muka kuma kai takardar ƙorafi ga 'yan sanda. Tela yana tsoron shi za a fara kamawa. Na nuna masa cewa dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, a sashe na 24 ta haramta tura saƙon barazana ga mutuncin wani don a karɓi kuɗinsa; shi mai ƙara ne. Rundunar 'yan sanda tana da cibiyar yaƙi da laifukan intanet ta ƙasa a Abuja, EFCC kuma tana da ofishin shiyya a nan Kaduna. Sunayen da ke kan asusun uku daban-daban ne, abin da ke nuna asusun haya ne, irin wanda ake ba wani ɗan canji ya buɗe ko ya ara, kuɗi na shiga a kwashe ta wurin mai POS. Har yau ko naira bai dawo ba. Duk da haka ina ganin kai ƙarar ya zama dole, domin ta haka ne ake rufe asusun, kuma takardar ita ce kariyarsa in bidiyon ya fito.

A kwana na biyu Tela ya nuna mini wani a Instagram da ke cewa shi gwanin kutse ne, zai shiga wayar masu barazanar ya goge bidiyon a kan naira 40,000. Damfara ce ta biyu, wani lokacin ma mutanen farko ne suka sauya riga. Ba wanda zai iya goge abin da ke cikin wayar da bai san inda take ba.

Ranar wanka

A nan muka yi saɓani. Ni na ce sai an gaya wa Kawu, don shi ne waliyyinsa kuma sunansa na cikin waɗanda aka yi barazana da su. Tela ya ce ko sama da ƙasa za su haɗe ba zai iya ba. Wani abokinsa ya ba shi shawarar ya rubuta a shafinsa cewa an yi masa kutse, an haɗa bidiyon ƙarya da fuskarsa. Na fahimci dalilin, amma ban yarda ba. Ƙarya sabon asiri ce da za a ci gaba da gadi, kuma in ta fashe ta fi ta farko muni a wurin surukai. Abin da na ce masa shi ne ba sai ya yi ƙarya ba, ba kuma sai ya yi wa kowa bayani ba. Muka rubuta gajeren saƙo ga mutum goma sha biyu mafi kusa: wasu 'yan damfara suna yi mini barazana da wani bidiyo, an kai maganar ga hukuma, in an turo muku don Allah kada ku buɗe, ku kai ƙarar asusun ku sanar da ni. Babu kalmar ƙarya ko ɗaya a ciki.

Kawu kuwa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Bayan sallar isha'i muka same shi a zaure. Ni na yi maganar, Tela yana durƙushe kansa a ƙasa. Kawu ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Abin da ka yi a ɗakinka, tsakaninka da Ubangijinka ne, ka san ƙofar tuba. Amma kuɗin ɗinkin mutane da ka taɓa, wannan ni da kai ne. Nawa ne?" Ya yi masa faɗa, faɗa mai zafi, amma a zauren ya tsaya. Ya tuna mana hadisin da ke cewa wanda ya rufa asirin Musulmi Allah zai rufa nasa, ya ce shi da kansa zai ga yayan yarinyar.

Sun cika barazanarsu, amma kaɗan. A kwana na uku da yin shiru suka tura bidiyon ga mutum biyu ta akwatin saƙon Facebook: wani abokinsa da ɗan Kawu. Dukansu suna cikin goma sha biyun nan. Ba wanda ya buɗe, suka kai ƙara, aka rufe asusun. Ba zan ce wa kowa ba sa turawa ba, don na ga sun tura. Abin da na gani shi ne turawar ta zo ta tarar an riga ta isa, ba ta samu abin ci ba. Bayan mako guda saƙonnin suka ɗauke.

Ina yawan tunanin yadda lamarin zai kasance da Tela mace ce. Shi an yi masa faɗa a zaure an rufe. 'Ya mace a garin nan, aure ne zai mutu, makaranta ta gagara, a riƙa nuna gidansu, a ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Kuma sau da yawa mai yi mata barazanar ba baƙo ba ne, tsohon saurayi ne, ko ƙawa, ko, abin takaici, wani a cikin sana'ata da aka kai wa gyaran waya ya shiga hotuna. Duk mai kai waya gyara, in aikin bai buƙaci a buɗe ta ba, kada ya ba da lambar buɗewa. In ya buƙata, ya tsaya a yi a gabansa. Masu tura irin wannan bidiyo zaure-zaure da sunan "Allah ya shirya" kuwa, su sake karanta aya ta 19 ta Suratun Nur a kan masu son alfasha ta yaɗu cikin muminai. Su ne kasuwar mai barazana. Ba don su ba, ba shi da abin sayarwa.

Ga wanda yake ciki yanzu

Na gaya wa Tela ra'ayina ba ɓoye-ɓoye: shafin tsiraici haramun ne, kuma da muguwar rawa gara ƙin tashi. Amma wa'azi kaɗai ba ya isa ga wanda ƙarfe biyun dare ta same shi da waya a hannu, kuma ba duk mai shiga manhajar haɗa aure ne ɗan iska ba. Na san zawarawa da tuzurai masu mutunci da suke nema ta nan don hanyar gida ta ƙi. Su ma tarkon ɗaya ne. Abin da nake ce musu a shago shi ne a raba rayuwa biyu: imel na daban wanda ba sunanka a jiki, kalmar sirri ta daban, hoton da ba ka taɓa sa shi a wani wuri ba, don Google Lens yana nemo tagwayen hoto cikin daƙiƙa, kuma babu allon shago, lambar mota ko rigar wurin aiki a bayanka. A ci gaba da hira a cikin manhajar muddin ba a san juna ba. Mai gaggawar a koma WhatsApp lambarka yake so. In dole sai an ba da lamba, a ba da layin da ba a haɗa shi da banki ko Facebook ba. Layin yana nan da NIN ɗinka, ba zai ɓoye ka daga hukuma ba, amma zai ɓoye ka daga baƙo. Kada a tura wa wanda ba a taɓa gani ba kuɗi ko na data ne. Hoton da aka tura a matsayin fayil yakan tafi da bayanan wurin da aka ɗauke shi in wayar tana adana su. In ta kai ga haɗuwa, a yi ta da rana a wurin jama'a, wani na gida ya san inda kake; Cynthia Osokogu, ɗalibar da aka kashe a otal a Legas a 2012, ta Facebook waɗanda suka yaudare ta suka same ta.

An ɗaga auren Tela da mako shida saboda kuɗin lefe ya tafi biyan masu ɗinki. Kafin ɗaurin ya gaya wa yarinyar da bakinsa, ban tambaye shi iyakar abin da ya faɗa ba, ita ma ba ta taɓa ɗaga maganar a gabana ba. Allon shagonsa yanzu lambar wani layin ne a jiki. Wata huɗu bayan bikin wata baƙuwar lamba ta turo masa hoton farko na bidiyon da kalmomi biyu na gaisuwa. Ya ɗauki hoton saƙon, ya turo mini in haɗa da sauran takardun, ya toshe lambar, sannan ya kira ya tambaye ni ko shaddar da na ce zan kawo masa ta iso.